Tsohuwar Marsandi a Ruwan Gizo: Ciwon da Ake Nema da Canke

A ƙofar gidan wani kawuna a Ruwan Gizo, ƙarƙashin darbejiya, wata Marsandi ruwan toka ta yi wata huɗu a tsaye. Irin wadda ake wa laƙabi da V-boot ce, saboda yadda murfin but ɗinta ya tsuke ta ƙasa. Awaki sun mayar da inuwarta wurin hutawa, yara na rubuta sunayensu a ƙurar gilashinta. Ciwonta ya ƙi ganuwa. Yau ta tashi bugu ɗaya, gobe a murɗa makulli ta yi ƙas ta yi shiru. An canza batir, an canza kik, an kwance altaneta an kai Talata Mafara, an sayo famfon mai daga Gusau. Daga ƙarshe aka ce ƙwaƙwalwarta ce ta taɓu, sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano.

Da na je hutun Babbar Salla sai na ari mita wurin wani yaro mai haɗa sola. Batir ya nuna bolt 12.5, lafiyarsa ƙalau. Na ɗora tsinken mita ɗaya a kan batir na nagatib, ɗayan a jikin inji, na ce Kawu ya murɗa makulli. Mita ta nuna kusan bolt 3, a wurin da bai kamata ta kai rabin bolt ba. Muka leƙa ƙarƙashi. Wayar at, wadda ke haɗa inji da bodi domin wuta ta samu hanyar komawa batir, ta yi kore shar, silinta kaɗan ne suka rage. Kawu ya juya ta a hannu ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Yanzu, ɗana, wagga 'yar waya ita ta cinye min kuɗin shinkafar rani?"

Ita ce kuwa. Tun daga ranar nake ganin cewa yawancin tsofaffin motocin alfarma da ke jibge a gidajen Mafara, Bakura da Maradun ba tsufa ya kashe su ba. Canke ne ya kashe su: a canza wannan a gani, a yanke waccan waya a haɗa, har kuɗi da haƙurin mai mota su ƙare tare.

Yadda motocin ke zuwa hannunmu ya isa ya nuna inda matsalar ta samo asali. Mota ta gama ƙuruciyarta a Jamus ko Amurka, ta sauka Kwatano, ta shigo ta iyakar Jibiya ko Illela a zamanin da ake haka, kafin gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a Janairun 2017. Ta yi wa wani ɗan siyasa ko babban ma'aikaci hidima, ya sayar wa ɗan kasuwa, shi kuma ya sayar wa manomi ko malamin makaranta. A kowane hannu farashinta na sauka, amma bukatarta ba ta sauka. Ga shi kuma yawancin iyayen gidanmu bakanikai a kan Fijo 504 suka koyi aiki, wadda aka fara haɗawa a Kaduna tun 1975, mota mai kafireto wadda kunne da sifana ke gane ciwonta. Ba na raina su ko kaɗan. Mutumin da zai kwance inji ya ɗaure a ƙarƙashin bishiya ba tare da littafi ba gwani ne. Sai dai motar da wuta ke sarrafa ta ba ta faɗar ciwonta ga kunne kaɗai, kuma babu wanda ya zaunar da su ya nuna musu mita.

Shi ya sa nake ganin mai motar ne ya kamata ya fara binciken a gida. Ba wai ya zama bakanike ba, a'a, ya je gareji da bayani a hannu. Kuma mutumin wannan yanki ba baƙon inji ba ne. Duk wanda ya yi noman rani a ƙasan madatsar Bakolori ya san injin ban-ruwa: in ya ƙi tashi, ko dai mai ba ya zuwa, ko fulogi ba ya ba da wuta, ko iska ta toshe, ko kuma injin ya saki ba ya matsewa. Abubuwan nan huɗu su ne dai a cikin Marsandi da Lexus. Bambancin kawai shi ne a can akwai ƙwaƙwalwa da ke tambayar sensa-sensa kafin ta saki mai da wuta, kuma ita da sensocin duka da wutar batir suke rayuwa.

Don haka daga batir ake farawa, ko da alamar ciwon ta yi nisa da shi. Batirin da ya kwana ba a taɓa shi ba, in ya cika, zai nuna kamar bolt 12.6. In ya nuna 12.2 to rabi ya rage. Lokacin da ake murɗa makulli bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba, in kuma inji ya tashi ya kamata a ga tsakanin 13.8 da 14.5, alamar altaneta na caji. Awo uku ke nan, ba su cin minti biyar. Zafinmu na bazara, wanda kan haura digiri 40 a watan Afrilu, yana cin batir fiye da yadda mutane ke zato, kuma motar zamani in wuta ta yi mata ƙasa sai ta rikice gaba ɗaya: fitilun dashbod su kunnu barkatai, giya ta ƙi canzawa, gilashi ya ƙi hawa. Wanda bai auna ba zai rantse abu biyar ne suka lalace.

Bayan batir sai hanyar da wutar ke bi. Abin da na yi wa motar Kawu shi ne awon da ya fi kowanne amfani, kuma shi aka fi mantawa da shi. Waya na iya nuna bolt 12 a tsaye, amma da zarar an ɗora mata nauyi ta gaza, kamar tiyon da aka take: akwai ruwa a ciki, amma ba ya isa gona. Saboda haka ana auna ta ne tana cikin aiki, tsinke ɗaya a wannan baki, ɗaya a wancan. Abin da mita ta nuna shi ne wutar da ke ɓacewa a hanya. Kan batir mai farin gari, noti mai sako-sako, tsatsa a inda at ta kama bodi, nan ne wutar ke zurarewa.

Tsofaffin Marsandi, irin su 190 da V-boot, suna da nasu halin da ya kamata mai su ya sani. Fiyus ɗinsu dogaye ne masu tsini biyu, kuma bakinsu kan yi tsatsa ba tare da sun ƙone ba, ka gan su garau amma wuta ba ta wucewa. Sau da yawa juya su a mazauninsu, ko goge bakin da sanfefa, ya isa ya dawo da fanka ko fitilar da aka yi wata ana nema. A bayan batir akwai wani rile mai fiyus a kansa, aikinsa kare ƙwaƙwalwa daga wuta mai yawa. In dalmar cikinsa ta tsage, mota kan yi wuyar tashi da safe, silo ya ƙi zama, fitilar ABS ta kunnu. Mutane da yawa sun sayi ƙwaƙwalwa alhali wannan ɗan akwatin ne. Sai kuma babban aibin da ke kan waɗanda aka ƙera daga farkon shekarun 1990 zuwa wajen 1996: robar da aka lulluɓe wayoyin inji da ita tana rududdugewa da zafi. Ka tsaga baƙin tef ɗin da ke naɗe da su kaɗan, ka lanƙwasa waya ɗaya. In robar ta zube kamar busasshen ƙanzo, ka ga jan ƙarfe tsirara, to kada ka ƙara sayen komai sai an sake wayoyin nan. Duk sensar da ka saka a kansu asara ce, kuma suna iya ƙona ƙwaƙwalwar da ke da lafiya.

Akwai wani maƙiyin wayoyi da littafin kamfani bai san da shi ba, wato ɓera. Bayan kaka, in an jibge gero da dawa a zaure ko a garejin da mota ke kwana, ɓeraye kan tare a cikin inji saboda ɗumi. Na taɓa buɗe akwatin fiyus na tarar da sheƙa da ɓawon gyaɗa a ciki. Motar da ta kwana lafiya ta tashi da ciwo, a fara haska tocila a nemi kashin ɓera da wayar da aka gwaigwaya.

In kuma batir ne ke mutuwa cikin dare, akwai abin da ke shan wuta a ɓoye. A kashe komai, a cire kan nagatib, a sa mita tsakaninsa da batir a ma'aunin amfa 10, a jira kamar rabin awa motar ta yi barci. Abin da ya wuce miliamfa 50 da yawa ɓarawo ne. Sai a riƙa zare fiyus ɗaya-ɗaya har lambar ta faɗi. Kada dai a murɗa makulli mita na haɗe. Sau tari abin da aka ƙara wa motar daga baya ne: rediyo, sifika, na'urar tsaro, fitilar ado.

Yanzu ga maganar "a sa mata kwamfuta", wadda ta zama kamar zuwa wurin mai duba. Tun daga 1996 dokar Amurka ta wajabta wa kowace mota soket mai rami 16, galibi a ƙarƙashin sitiyari, Turai kuma ta bi sahu a 2001 ga motocin fetur. Ke nan kowace Lexus RX300, wadda aka yi tsakanin 1998 da 2003 kuma ta cika hanyoyinmu, tana da shi. Ƙaramar sikana irin ELM327, wadda ke magana da wayar hannu, tana karanta lambobin inji, kuma kuɗinta bai kai na famfon mai ɗaya ba. Marsandin Turai na shekarun 1990 da yawa kuwa soket mai zagaye ne da su, mai rami 38, a cikin bonet, kuma ba kowace ƙaramar sikana ke jin yarensu ba. Mai irin wannan motar ya fi dogara da mita da ido.

Abin da nake so a riƙe shi ne lamba ba hukunci ba ce, ƙorafi ne. Ƙwaƙwalwa na cewa ga inda nake jin ciwo, ba ta cewa ga abin da za ka saya. Ɗauki P0171, wadda ake yawan gani a RX300. Ma'anarta iska ta yi wa mai yawa, domin inji na son kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na fetur. Abin da ke jawo haka na iya zama tsagewar robar da ke kai iska, ko sensar auna iska da ƙurar hunturu ta rufe, ko famfon mai da ya gaji, ko nozul da suka toshe. Biyun farko ido da ɗan feshin wanke sensa ne maganinsu. Amma sai ka ga an tafi kai tsaye an sayo sensar salansa, domin ita ce ta kai ƙarar.

Haka lambar da ke nuna inji na tsallake. P0302 na nufin silinda ta biyu. A RX300 ta 2 da ta 4 da ta 6 su ne a gaba, hannu na isa gare su. Cire koyil ɗin ta biyu ka musanya da na ta huɗu, ka goge lambar, ka zaga gari. In ta dawo P0304, ciwon ya bi koyil, ka kama shi ba ka kashe ko kwabo ba. In ta tsaya a ta biyu, sai a duba fulogi, sannan nozul, sannan matsin silindar. Fulogin ma yana magana: baƙin toka mai ya yi yawa, jiƙewa da baƙin mai ringi ko bawul sun saki, fari fat kuwa mai ya yi kaɗan. Hayaƙi ma haka, baƙi na fetur ne, shuɗi na baƙin mai, fari mai kauri wanda ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi kuwa ruwa ne ke shiga, gaskit ya ƙone.

Wani ciwon ya fi tayar min da hankali saboda hanyoyinmu. Mota na tafiya lafiya, ta yi zafi, ta mutu kamar an zare makulli. Kik na juyawa, ba ta kamawa. Bayan minti ashirin ko talatin ta tashi kamar ba ita ba. A Marsandi masu injin V6 na ƙarshen shekarun 1990 da farkon 2000, irin su ML da E da C, wannan sananniyar alama ce ta sensar karanshaf, wadda ke gaza aiki in ta ɗau zafi. Famfon mai da ya tsufa ko rile ɗinsa ma na yin haka. Ana rarrabewa da kunne da ido: in an kunna makulli a saurari kukan famfo na daƙiƙa biyu daga wajen tanki, in ana juya kik kuma a duba ko allurar gudun inji na ɗan motsi. A wani wuri wannan ɓata lokaci ne kawai. A tsakanin Mafara da Maradun, ko a hanyar Gusau da la'asar sakaliya, a halin tsaron da muke ciki, mutuwar mota a daji ba ƙaramin abu ba ce. Motar da ta yi haka sau ɗaya a cikin gari kada ta fita da iyali sai an gano dalili. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Dole in taɓo wasu al'adun gyara da suka zama kamar doka a garejinmu, domin su ne ke haifar da rabin ciwon da ake nema daga baya. Na farko cire kan batir inji na aiki wai don a gwada altaneta. A zamanin 504 an sha yi an kwana lafiya. A motar da ke da ƙwaƙwalwa kuwa batir ne ke shanye tsallen wuta, in ka cire shi wutar na iya zabura ta ƙona abin da ya fi altanetar tsada sau da yawa. Mita na ba da amsar nan ba tare da kasada ba. Haka ɗaure fiyus da sili ko takardar sigari, da yin walda ba a cire batir ba, da ja wa ƙaramar mota wuta daga babbar mota mai bolt 24, da wanke inji da ruwa mai ƙarfi.

Sai cire tamostat, wanda kusan kowace motar Beljiyam ake yi wa da ta iso, da hujjar cewa na ƙasar sanyi ne. Na fahimci tunanin, amma kuskure ne. An ƙera injin ya yi aiki a zafin digiri 80 zuwa 90. In bai kai ba, ƙwaƙwalwa na ɗauka har yanzu safiya ce, ta ci gaba da zuba mai, fulogi su yi baƙi, tanki ya riƙa ƙarewa da wuri. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 babu mai kuɗin wannan ɓarna. A Marsandi ma abin ya fi haka, domin tamostat ɗin ne ke rufe wata gajeriyar hanyar ruwa, in babu shi ruwan na iya zagayawa bai bi ta lagireto sosai ba, inji ya ƙara zafi maimakon ya huce. Motar da ke zafi tana da dalili: lagireton da ruwan rijiya ya toshe da gishiri da tsatsa, ko fanka, ko murfi, ko famfon ruwa. Haka ɗaure fanka kai tsaye da fasa indomin salansa, duk rufe bakin ciwo ne. Kuma wanda zai sayi irin wannan mota ya kunna makulli kafin ya tada inji, ya tabbatar fitilar cek ta kama. In ba ta kama ba, an cire ƙwan ne ko an liƙe shi.

Man da muke sha ma yana cikin lissafi. A ƙauye sau da yawa galan ɗin 'yan bumburutu ne mafita, da ƙura da ruwan da ke biyo shi. Ko gidajen mai ba su tsira ba, kowa na tuna gurɓataccen fetur mai yawan methanol da ya shigo ƙasar nan a Fabrairun 2022. In ciwo ya fara jim kaɗan bayan shan mai, a tsiyayi kaɗan a kwalba mai haske a ajiye. Ruwa zai kwanta a ƙasa, ido zai gani. Tambayar da ta fi kowace amfani a duk binciken nan ita ce: me aka yi wa motar na ƙarshe kafin ta fara?

Akwai inda hannun mai gida ya kamata ya tsaya. Wayoyi masu ruwan ɗorawa na jakar iska ne, ba a tsokanar su da fitilar gwaji. Layin fetur na tsohuwar Marsandi na ɗauke da matsin da ya haura bar 5, in an kwance shi inji da zafi gobara ce. Ba a buɗe murfin lagireto da zafi, ba a barin inji na aiki a rufaffen gareji, ba a shiga ƙarƙashin mota da jak kaɗai. Makullin da ƙwaƙwalwa ta daina ganewa, cikin giya, sarƙar inji, gaskit, waɗannan na masu sana'a ne, wani lokaci ma sai Gusau ko Sakkwato ko Kano. Haka duk ƙarar ƙwanƙwasa daga ƙasan inji ko fitilar baƙin mai: a kashe nan take, a jawo ta.

Amma wanda ya isa gareji ya ce, "Maigida, batir 12.6 ne, caji 14, na musanya koyil ciwon bai bi shi ba," ya rage wa bakanike rabin aiki, kuma bakanike na gari yana jin daɗin irin wannan. Ina ma a ce Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara da ƙungiyar bakanikai ta NATA za su haɗa hannu a riƙa yi wa masu riwaya da yaransu ɗan kwas na mako biyu a kan mita da sikana da karanta zanen wayoyi. Yaran da ke gyaran wayar hannu da haɗa sola a kasuwar Talata sun riga sun iya rabin abin.

Motar Kawu dai mun sa mata sabuwar wayar at mai kauri, muka kankare mazauninta har ƙarfe ya yi fari, muka shafa giris. Tsohon kik da tsohon famfon da aka cire suna nan a cikin buhu a zaure, lafiyarsu ƙalau, ya ce a ajiye saboda gaba. Ya sayi mitarsa ta kansa, tana cikin aljihun dashbod tare da wani ɗan littafi da yake rubuta ranar da aka zuba baƙin mai da duk abin da aka taɓa. Ranar Talatar da ta biyo baya da ita ya kai shinkafa kasuwa, buhu uku a but, ɗaya a kujerar baya.